Autar Ƙarƙashin Tebur

Huguette ƙanwar mijina ce, auta a cikin su huɗu. Ta haura saba'in, kanta ya yi fari fat, amma har gobe babbar yayarsu Solange sai ta ce mata ta ɗaura gyale kada sanyi ya kama ta. Rabon wasiƙu ta yi duk ƙuruciyarta, a kan keke, daga ƙauyenmu zuwa gonakin bayan kogi. Ba ta iya miƙa wasiƙa ta juya, sai ta sumbaci kumatu biyu, ta sha kofi, ta tambayi lafiyar shanu. Shi ya sa wasiƙar safe kan iso da la'asar. Na sha yi mata tsiya a kan haka, ita kuwa ko a jikinta.

Aikin da ta ɗauka da girma sau ɗaya yake zuwa a shekara. Farkon Janairu mukan taru gidan Solange a ci kek ɗin sarki, wanda ake ɓoye ɗan mutum-mutumin tangaran a ciki. Wanda ya tauno shi ya sa hular takarda, ya ci sarautar yini. Don kada mai yanka ta yi son kai, ƙarami a gida ke shiga ƙarƙashin tebur, yana faɗin mai kowane yanki ba tare da ya gani ba. Huguette tun tana rarrafe take shiga. Da muka haifi namu ta sauka musu, tana hararar su. Da suka girma suka watse birni, ba sa leƙo mu sai Kirsimeti, ta koma gurbinta baki har kunne.

Bana aka yi mata aiki a ƙugu. Likita ya ce ban da durƙuso, ban da zaman ƙasa.

Ranar taron ta zo cikin rigarta ta zuwa coci, tana dogara sanda. Solange ta fito da kek daga tanda, ƙamshin man shanu ya cika ɗakin, ta ce, "Auta, bana ki juya baya ki kalli bango, ki faɗi sunaye. Ai duk ɗaya ne."

"Laifi na yi a makaranta da zan kalli bango, Yaya?"

"To Colette ta shiga."

Colette ni ce. Na ce, "Wa? Ni da gwiwoyin nan? In na shiga sai dai a kira motar kashe gobara ta zaƙulo ni."

Aka yi dariya, ban da Huguette. Ta ja kujera ta zauna, ta ce a yanka kawai, kowa ya ɗauki wanda ya ga dama. Daga nan ta zuba wa sandarta ido. Matar da ko a jana'iza sai an zungure ta take yin shiru! Gaskiya abin ya sosa min rai, kuma na ji haushin Solange da ta ce duk ɗaya ne.

Mijina Firmin ba mai yawan magana ba ne. Ya miƙe ya fita, ya dawo rungume da akwatunan katako na zuba tuffa. Ya daka wa wansa Gaston tsawa a kunne, don Gaston ba ya ji sosai: "Tashi, tsoho, kama can!"

"Me za a kama?"

"Tebur! In ita ba ta iya zuwa wurinsa, shi ya zo wurinta."

Suka zaunar da Huguette a kujerarta a tsakiyar ɗaki, suka ciccibi tebur suka kawo shi samanta, tsofaffi biyu suna nishi suna zagin juna, Solange tana bin su tana ihu, "Farantan Mama! Wallahi in ɗaya ya fashe!" Ni ce mai cusa akwatuna ƙarƙashin ƙafafun. Da aka gama, teburin ya kawo mana ƙirji. Solange gajera ce, haɓarta kawai ke leƙowa, sai da ta hau matashin kujera kafin ta iya yanka.

"Wannan na wa?" in ji ta, tana haki.

"Na mai ihu!" Muryar Huguette ta fito daga bayan mayafin tebur, tar da ita.

"Wannan fa?"

"Na wadda motar kashe gobara ke jira."

A tsaye muka ci, muna miƙa mata nata ta ƙasa. Gaston ne ya tauno ɗan tangaran, saura ƙiris haƙoran robarsa su biyo shi waje. Aka ɗora masa hula a kan sanƙo, aka ɗaga kofunan ruwan tuffa, muka yi ta dariya har cikina ya ƙulle.

Da aka cinye, Firmin ya ɗaga gefen mayafin ya ce, "To, Auta, a ɗauke miki rufin?"

Na sunkuya na leƙa. Tana zaune da faranti a cinya, ɓurɓushin kek a haɓa, idanunta sun kawo ruwa, tana murmushi.

"Ku ɗan bar ni tukuna," in ji ta. "A waje tsohuwa ce ni. A nan kuwa har yanzu ƙanwar wasu ce."