Layin Da Na Tsallake

Ni na yi musu tafinta, don haka in ana rabon laifi kar a manta da ni. Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can bayan Dawakin Tofa, lokacin da masu bincike suka zo ana tsaka da yankan gero. Jinin tsofaffi suke so. Ta gidan mai unguwa suka biyo, mu kuwa baƙon da ya biyo ta nan ba a ce masa a'a. Aka shimfiɗa tabarmi a ajina, aka miƙo mini takarda shafi uku da Turanci, wai in fassara wa mutane kafin su dangwala.

Na fara karantawa a zuci. A shafi na biyu an rubuta ƙarara cewa wannan bincike ne, ba magani ba, kuma ba wanda za a dawo wa da sakamakonsa. To da wane baki zan faɗi haka? Sa'o'in ubana ne a zaune sun baro gona, ga baƙi an riga an kai musu fura. Kunya ta kama ni. Na ce likitoci ne daga birni, sun zo duba lafiyarku. Shugabarsu ta ga shafi uku sun ƙare a numfashi ɗaya, ta dubi agogo, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun nata har yau yana ci mini rai.

Inna, mahaifiyata, tana cikin layi. Tun damina ƙafafunta suke kumbura. Ta dangwala, aka ɗebi jini, aka ba ta sabulu. Kafin la'asar sun tattara sun tafi, ko ɗan zaman bayani ba a yi da mutane ba.

Daga nan duk sanda na ce mu je asibiti sai ta ce gaggawar me, manyan likitoci suna can da jininta, da akwai matsala ai da sun aiko. In ta ji ƙarar mota sai ta sa a leƙa. Ni kuma, malamin makaranta guda, na kasa buɗe baki in ce ƙarya na yi. Na kira lambar da ke ƙasan takardar don in nemi sakamakon Inna. Wata murya mai ladabi ta ce kwalaben jinin ba su da suna, lamba kawai aka sa, don a kare sirrin mutane. Wallahi ji na yi kamar in rotsa wayar da bango.

Sai da kumburin ya hau ciki ta yarda muka je. Likita ya ce ƙoda ce, ya tambaye ni me muke jira duk watannin nan. 

Kwana tara kafin ta rasu na faɗa mata gaskiya. Sai ta ce, “Da ka faɗa mana, da na ba su jinin duk da haka, ai baƙi ne. Sai dai da ban zauna jira ba.”