Ranar da Na Goge Bayanan Marasa Lafiya da Hannuna

A farkon shekarun dubu biyu, ina matashi mai sabon digiri, ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti a Zuru. Babu wanda ya fahimci aikina, kuma hakan ya sa mini girman kai. Bayanan marasa lafiya duka suna cikin babbar kwamfuta guda. Tare da rumbun bayanan akwai wani fayil da ake kira log, inda na'ura ke rubuta kowane canji. Ƙa'ida ce a riƙa kwafe shi a kai a kai, in ba haka ba ya yi ta kumbura. To, awoyi kaɗan janareta ke aiki, kwafin kuma yana sa na'ura nauyi, nas-nas suna ƙorafi. Sai na dakatar da kwafin, ban gaya wa kowa ba.

Wata safiyar karɓar magani, mutanen Wasagu da Dirin Daji sun cika baranda, faifan ajiyar kwamfutar ya cika, na'ura ta tsaya cak. Sau uku ina tayar da ita tana mutuwa. Sai na goge log ɗin don in sami wuri. Daga nan rumbun ya ƙi buɗuwa sam. Cikakken kwafin da ya rage mini na mako shida ne da suka wuce. Shi na mayar, na ce wa likita wutar janareta ce ta tsayar da na'ura, ban gaya masa cewa tsoffin bayanai na mayar ba.

Da hantsi babbar nas, wadda kowa ke ce wa Mama, ta kira ni ɗakin magani. Ga wata mata daga Dirin Daji, fatar hannuwanta duk tabo. Mama ta tuna cewa wata guda kenan da likita ya canza mata magani, domin na farkon ya kusa kashe ta, amma ga allon yana nuna na farkon. Ta harare ni ta saman tabarau, ta nuna kwamfutar, ta ce in faɗa mata, ɗan boko, akwatin ne ya manta ko mai akwatin. Matar kuwa ta dube ni ta ce a daina wahalar da Malam, ita abin da kwamfuta ta ce shi za ta sha, ai na'ura ba ta ƙarya. A wurin na faɗi gaskiya. An tsayar da rabon magani, aka bi tsoffin katunan marasa lafiya, amma mutum huɗu da aka ba magani bisa tsoffin bayanan sun riga sun hau babur sun tafi. Uku muka samo. Na huɗun bai sake dawowa ba, har yau ban san dalili ba.

Yanzu shekaruna hamsin. Kuskuren na'ura yana gyaruwa. Awa biyun da na yi ina ƙarya su ne ba su gyaru ba. Ku masu wannan aiki, kada ku dakatar da kwafi don a yaba muku, kada ku goge komai cikin firgici. In kun yi ɓarna, ku faɗa kafin mutane su bar harabar.