Tsamiyar Farfesa a Titiwangsa

A shekarata ta uku a Kuala Lumpur, babi na huɗu na kundin digirina ya yi wata biyu a ofishin malamin da ke duba min aiki, ko buɗe shi bai yi ba. Farfesa ne a ilimin gandun daji, ɗan ƙasar, marar yawan magana. In ka gaishe shi gira kawai yake ɗagawa. Ranar da ya tsayar da ni a ƙofar ofis ya ce in zo lambun shaƙatawa na Titiwangsa ranar Asabar, ana baje koli da gasar bonsai kuma ya kai tasa, ban tambayi haɗina da abin ba. Na ce, "Boleh, Farfesa," wato "to" a yarensu.

Bonsai bishiya ce da ake renonta a ɗan kasko, ana datse saiwa da rassa, ana naɗe ta da waya, har mai shekara talatin ta tsaya iya gwiwar mutum.

Abokin zamana a unguwar Cheras, wani ɗan Jos mai karatun haɗa magunguna, shi ya raka ni. Tun a jirgin ƙasa yake ja min kunne. "Malam, duk abin da aka nuna maka ka ce ya yi kyau. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya."

An kafa babbar rumfa kusa da tafki. Kowace bishiya na kan ɗan teburinta, da zane a rataye a bayanta, da ɗan kaskon ciyawa a gefe. Mutane na magana ƙasa-ƙasa kamar a ɗakin majinyata.

Tun daga nesa na gane ta Farfesa. Tsamiya ce, ganyen ba ya ɓuya. Amma an janyo rassanta ƙasa hawa-hawa, an tsuke kanta ya yi tsini. Kaskon shuɗi ne mai ƙyalli, zanen bayanta kuma dutse ne lulluɓe da ƙanƙara.

Alƙaliyar gasar wata gajerar tsohuwa ce 'yar asalin Sin, riƙe da mafici a naɗe tana nuni da shi. Ba ta raga wa kowa. Wannan teburinsa ya yi tsawo. Wancan kaskonsa ya haɗiye bishiyar. Wani dattijo ma cewa ta yi bayan bishiyarsa ya juya wa jama'a maimakon gabanta, ya tsaya yana murmushin dole.

Da ta iso wurinmu, Farfesa ya nuna ni ya ce ɗalibinsa ne daga Nijeriya, ƙasarsu cike take da irin wannan bishiya.

Tsohuwar ta dube ni. "To, kai za ka fara."

Na ce ta yi kyau ƙwarai.

"Ban tambaye ka kyau ba. Ka gane ta?"

Mutum kusan ashirin ne suka zagaye mu. Abokina ya taka min ƙafa. Na dubi Farfesa ko zai cece ni, sai na ga shi ma jira yake.

Na ce ganyen na gane, amma tsayuwar ban san ta ba. Na ce a gonar kakana akwai tsamiya, kanta faffaɗa ne, rassan sama suke yi su bazu, ba sa sunkuyawa haka. Na ce inuwarta kan yi duhu har ciyawa ba ta fitowa a gindinta, ga shi an ajiye mata ciyawa a gefe. Ya kamata in tsaya nan. Amma baki ya riga ya buɗe, na ƙara da cewa tsamiya ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba, kuma wayar ta ci ɓawon reshe biyu.



Tsohuwar ta sunkuya ta daɗe tana duba rassan. Ta ce tabon waya zai warke, wannan ba abin magana ba ne, kuma kututturen yana da kyau, da na lura. Sauran kuwa, in ji ta, ba ta da abin ƙarawa. Ta wuce gaba.

Farfesa ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. "Na gode da zuwa," ya ce, ya juya.

Sai da muka sauka a Cheras abokina ya ce, "Malam, ka fara neman gidan da za ka yi shekara biyar a ciki." Ranar ko tuwon da muka tuƙa ban iya ci ba. Lahadi na yini ina rubuta saƙon ban haƙuri ina gogewa.

Litinin da safe saƙon Farfesa ya shigo: in zo ƙarfe goma. Na tarar da babina a kan teburi, kowane shafi ya sha jan biro. Awa biyu ya yi yana warware min aiki, ya ce lissafina na shafi na tara ko ɗan aji ɗaya ba zai yi shi ba. Na yi ta cewa to. Zancen Asabar bai taso ba. Sai da na miƙe na kama ƙofa ya ce, "Bishiyar kakan naka tana nan?"

Na ce tana nan.

"A ɗauko min hotonta ta gefe huɗu. Daga nesa, yadda kan zai fito."

Yayana ne ya je gonar a babur ya ɗauko, yana ta tambayata ko lafiya nake.

Gyaran babin ya ci min wata uku. Ana saura mako in dawo gida, Farfesa ya kira mu cin abinci a gidansa, mu ɗalibansa huɗu. A bayan gida na ga tsamiyar cikin kaskon ƙasa, an kwance wayoyin, an sare tsinin, sababbin tsiro sun fito barkatai. Gaskiya ta fi da muni. Ya ce sai ta yi shekara shida kafin ta sake fita gaban mutane, sannan ya ce mu shiga ciki, shinkafa na hucewa.