Kawu Sale da Wayar Sanata

Duk wanda ya san Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ya san kullum da safe, kafin ya buɗe wa albasarsa ruwa a Bunkure, sai ya yi wa sanatanmu filashin. Ba ya kira. "Ni na zaɓe shi, shi ya kamata ya neme ni," in ji shi. Sanata bai taɓa kira ba, Kawu kuma bai taɓa fashi ba.

Da sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyaka, aka fara maganar tura namu sojojin, sai wasa ya ƙare. 'Yarsa Hajara tana aure a Maraɗi da 'ya'ya huɗu. Ranar na ga abin mamaki, Kawu ya sayi katin waya. Ya hau bakin kanal ɗin ban ruwa inda sabis ya fi ƙarfi, ya kira. Hadimin Sanata ya ɗauka.

"Oga yana mitin, Baba."

"To ka faɗa masa, in ya ɗaga hannu a yi yaƙin nan, su fara da gidana. Kada su ɓata mai har Maraɗi, jinin ɗaya ne."

"Wa zan ce masa?"

"Ka ce mai filashin. Ya san ni."

Da majalisar dattawa ta ƙi yarda a tura soja, Kawu ya zuba babbar rigarsa ta Juma'a ya shiga kasuwar Kura yana karɓar barka. Na ce, "Kawu, sanatocin fa sun fi ɗari."

Ya ce, "Sauran 'yan rakiya ne. Kai mai digiri, wa ka kira?"

Iyaka dai ta ci gaba da zama a rufe. Na tsokane shi na ce ya sake bugawa a buɗe. Ya harare ni. "Komai ni? Su albashin me suke ci?" Muka yi ta dariya, amma na sha ganinsa a bakin titi yana tambayar direbobi labarin hanyar Maraɗi.

Kwanciyar kwana uku ya yi, ya rasu, iyaka tana rufe. Hajara ta biyo ta daji a kan babur, ta iso bayan mun binne shi da kwana biyu. Wannan har yau yana ci mini rai. Sanata kuwa ya aiko da takardar ta'aziyya, an rubuta Alhaji Sani maimakon Sale.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya haɗa shi da Hajara da jikokinsa a Aljanna, inda babu mai tare hanya.