Ruwan Rijiyarmu Ya Je Maraɗi

Dakoro

Mun bar gida bayan sallar asuba, ni da Mushe Sani, malaminmu na kimiyya, da Balkisa 'yar ajinmu. Za mu wani ɗakin gwaji a Maraɗi, inda aka yarda 'yan lekwal, wato ɗaliban makaranta, su kawo ruwan unguwarsu a duba. Balkisa don darasi za ta. Ni kuwa ƙanwata Nana ce a raina. Tun da aka yaye ta zawo bai rabu da ita ba, Baba kuma ya ce ba daga rijiyar gidanmu ba ne, domin mahaifinsa ya gina ta.

Inna ce ta cika mini ƙaramin bido, wato jarka, da ruwan rijiyar ina alwala. Ni na naɗe shi da tsumman buhu, na jiƙa buhun da ruwan guga a bakin rijiya, yadda muke yi don ruwa ya yi sanyi.

A tasha direba ya ce, "'Yar lekwal, miƙo bidon a ɗaure shi sama tare da awaki." Sai na ƙara rungume shi.

"Bar ta, direba," in ji Balkisa. "Jinjirinta ne."

Kornaka zuwa Tibiri

A Kornaka jandarma suka duba takardunmu. Ɗaya ya taɓa buhun, ya goge hannu a wandonsa, ya ce mu wuce. Muka sha fura da nono wurin wata Bafillatana mai zobban azurfa har saman kunne. Daga nan gonakin gero ne dama da hagu, an ɗaure dammuna ana jiran amalanke. Bayan Tibiri babura suka yawaita, na san mun kusa.

Maraɗi

Mun isa kafin azahar. Madam Zainabu, mai kula da ɗakin gwajin, ta buɗe bidona, ta sunsuna, ta ɗaga kai.

"Wa ya sa jabel a nan?" Jabel shi ne ruwan nan mai kaifin wari da ake faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta da shi.

Mushe ya kira Inna a waya, duk ɗakin yana ji.

"Ni na sa," in ji Inna. "Na tace shi kuma da kallabi. Haba Mushe, in aika ma mutanen birni ruwa da dauɗa? A ce gidanmu ƙazamai ne?"

Balkisa ta toshe baki tana dariya. Ni hawaye suka cika mini ido, domin jabel ya kashe duk abin da na zo nema. Da ƙyar na ce, "Madam, ruwan da ke jikin buhun na guga ne." Sai da na faɗa sau biyu ta ji. Ta matse buhun a kwalba, ta ce ba cikakkiyar hujja ba ce tunda ya sha hanya, amma za mu gani.

Ta shafa ruwan a kan faifan gilashi uku masu abincin ƙwayoyin cuta: na bido a ɗaya, na buhu a sauran biyun. A tsakiyar na ukun ta ɗiga wani farin gari da ta kwaɓa. Ta ce ƙarfen zinki ne haɗe da iskar oksijan, an yi shi ƙanana ƙwarai, har ƙwayar cuta ta fi kowane ɗigonsa girma nesa ba kusa ba.

"Kun san yadda tsatsa ke cin kwano?" ta ce. "Aikin oksijan ne. To garin nan, in ya samu ruwa, balle da haske, yana fitar da wani irin oksijan mai zafin rai, wanda ke cin duk abin da ya taɓa. Ya huda fatar ƙwayar, ya lalata kayan aikin cikinta, har da abin da take hayayyafa da shi. Ƙwayar tana da nata maganin, amma in abin ya yi yawa ya fi ƙarfinta."

Muka kwana gidan gwaggon Balkisa. Ta yi mana dambun zogale, na ci kaɗan.

Washegari

Faifan bido fes yake. Na biyun, mai ruwan buhu, ya cika da ɗigo-ɗigo jajaye, Madam ta ce ƙwayoyin cuta ne irin da ke fitowa daga kashin mutum ko dabba. A na ukun ɗigon sun tsiro a gefe, amma kewaye da farin garin akwai da'ira wadda ba komai cikinta.

Na ja hannun rigarta. "Madam, a ba ni kaɗan in zuba a rijiyarmu."

"A'a, ɗiyata. Ba ya tambayar ƙwaya mai cuta ce ko mai amfani, kuma ba a gama sanin abin da yake yi wa cikin mutum ba." Ta nuna faifan farko. "Dubi wannan. Jabel ma kusan haka yake cin ƙwaya. Ku je likita a nuna muku awonsa, kada ku zuba da ka. A rufe rijiyar, a daina ajiye guga a ƙasa."

Komawa

Mun iso Dakoro da la'asar. Na tarar da Baba yana ba tumaki ruwa, guga na kwance cikin laka kusa da kashinsu. Mushe ya nuna masa hoton faifan a waya. Baba ya daɗe yana kallo. Can ya ɗauki gugan ya rataye a reshen bedi, ya tafi neman kwanon rufe rijiyar.

Inna na tsakar gida da Nana a cinyarta. "Sun ce ruwan namu da tsabta ko?"

Ban saba kallon idonta ba, amma na kalla. "Wanda kika gyara ma baƙi da tsabta, Inna. Irinshi za mu riƙa ba Nana."

Sai ta ce in ɗauko mata mayafi, mu je likita kafin a rufe.

Mun gode Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Allah ya saka wa Mushe da Madam, da gwaggon da ta ba ni tabarmarta.