Darbejiyar Kawu

Ko na manta duk abin da aka koya mini a makaranta, ba zan manta ranar da darbejiyar kawuna ta kusa kayar da ni jarrabawa ba.

Muna shekarar ƙarshe a sashen kwamfuta a Daura, malaminmu ya kafe cewa aikin kammala karatun kowa sai ya shafi kare muhalli. Ni kuwa, da rawar kai irin ta ƙuruciya, na haɗa manhajar bin diddigin dashen itatuwa. Aka raba wa manoman ƙauyenmu na wajen Baure dashen darbejiya, kowa zai riƙa ɗaukar hoton nasa da waya yana turowa, manhaja ta nuna wanda ya rayu. Kawu na ɗora a kan aikin.

Hotuna suka yi ta shigowa, kore shar, ko ɗaya bai mutu ba. Har tafiyata ta sauya.

Ranar kare aiki, baƙon malamin da ya zo tantance mu ya ƙura wa allo ido, ya ce, "Malama, duk garinku buta ɗaya gare ku?"

Na duba. A gindin kowane dashe ga shuɗiyar buta mai karyayyen hannu. Butar alwalar Kawu ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baƙon ya ce in kira Kawun a waya a gaban kowa. Kawu ya amsa hankali kwance: "Ai awaki sun cinye sauran tun shigowar rani. Nawa ne ya tsira, da yake a cikin gida yake. Muka ce ba ma tura wa 'yarmu mugun labari tana tsakiyar karatu, shi ne kowa ke zuwa ya ɗauki hoton nawa. Kara muka yi miki."

Aji ya kwashe da dariya, ni ina haɗiye kuka. Baƙon ya share hawayen dariya, ya ba ni damina guda in gyara. Na koma gida, muka sake dashe, muka kewaye shi da ƙaya, na sa manhajar ta riƙa nuna inda aka ɗauki kowane hoto. Da ƙyar na sha.

Yau ni ke koyar da darasin. Abin da nake fara gaya wa ɗalibaina shi ne, kwamfuta abin da aka ba ta take faɗa. In ka ga labari ya cika daɗi, tashi ka je gonar da ƙafarka, musamman idan masu turo shi suna ƙaunarka.