Ƙugiyoyin da Inna ta sa na sayo

Shekarun baya, tun ina gidanmu a unguwar Maourey ban yi aure ba, an yi wani lokaci da mahaifina ya daina faɗa. Wanda bai san shi ba zai ce ai abin murna ne. Mu da muka san shi hankalinmu ne ya tashi. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. In ka share tsakar gida zai nuna maka lungun da ka tsallake, in ka ɗaure rago zai kwance ya sake ɗaurewa yana yi maka bayani. Ina kyautata zaton ranar da ya ajiye aikin gwamnati mutanen buronsu, wato ofishinsu, sun yi barci mai daɗi.

Bayan gyara wa mutane aiki, ba abin da yake so kamar kamun kifi da fatsa. Kowace Asabar shi da amininsa, wani tsohon malamin makaranta, sai su nufi bakin kogi a Saga. Ba da tana suke kamu ba. Suna da wasu 'yan kifayen roba da ba su wuce tsawon yatsa ba, kowane an rataya masa ƙugiya biyu masu baki uku-uku, ɗaya a ciki ɗaya a wutsiya. In aka jefa aka riƙa jan zaren a hankali, sai abin ya yi ta rawa a ruwa har karfasa ta kawo cafka. Kifin da suke kawowa sau da yawa bai isa miya ba, amma gardama kam ba su taɓa dawowa babu ita ba.

Sai Allah ya yi wa aminin nan rasuwa bayan 'yar gajeriyar jinya. Baba ya je jana'iza, ya zauna zaman makoki, ya dawo ya tura gwangwanin kifayen robarsa ƙarƙashin gado. Daga nan ya koma zaman kujera a baranda. Abinci sai ya taɓa ya ture, riguna suka fara yi masa yawa. Likita ya duba ya ce bai ga wata cuta ba. Wata safiya na kai masa shayi na manta ban sa sukari ba, ya shanye tas bai ce uffan ba. Na koma ɗaki na yi kuka, don na ga muna rasa shi yana zaune a gabanmu.

Bayan damina ta wuce ina shara na jawo gwangwanin nan. Kifayen suna nan lafiya, amma ƙugiyoyin duk sun yi tsatsa. Sai dabara ta zo mini: in sayo sababbi in saka, ko ganinsu zai motsa masa zuciya. Na cire guda ɗaya na ƙulle a bakin mayafi don in samo irinta sak. Mahaifiyata tana kallona, ta ce, “Ina za ki da wannan?”

Na faɗa mata. Ta ce, “Aje ta. In kika kai mashi abu daidai, cewa zai yi Allah shi yi miki albarka, ya maida ƙarƙashin gado. Tahi ki sawo manya, waɗanda ba su dace ba ko kaɗan.”

Na ce, “Haba Inna, mutum yana cikin wannan hali kuma in ɓata masa kaya?”

Ta ce, “Ke kika zauna da shi ko ni? Yi abin da na ce.”

Na ɗauki kifin roba ɗaya na tafi ina guna-guni. A gefen kasuwar Petit Marché akwai wani ɗan shago na kayan su, mai shi dattijon Bazabarme ne mai fara'a. Na nuna masa kifin roba ɗaya, na nuna wasu ƙugiyoyi ƙatti da ke rataye a bayansa. Ya dubi kifin, ya dube ni.

“Wane kifi za a kama, madam?”

“Karfasa.”

“A'a, wannan na giwan ruwa ne. Karfasa bakinshi ƙarami. Bari in ba ki mai kyau.”

Na ɗaure fuska na ce su nake so. Bawan Allah ya yi ta lallashina, har ya ɗora ƙugiyar a kan kifin don in gani da idona. Na san gaskiyarsa ce, amma ina ƙarƙashin umarni. Ƙarshe ya naɗe mini su a takarda yana girgiza kai. Na tabbata har na ɓace yana tausayin mijin da zai aure ni.

Saka su ma wani aiki ne. Akwai wani ɗan zobe mai taurin kai da sai an buɗe shi kafin ƙugiya ta shiga. Na karya farce, na soke babban yatsa, na zagi kifin da duk danginsa. Na saka wa guda uku, na bar sauran yadda suke. Washegari da hantsi na jera su a faranti na kai wa Baba a baranda, na ce na ga sun yi tsatsa ne na gyara masa. Inna ta jawo tabarmarta kusa da mu wai tana tsintar shinkafa.

Ya ɗauki ɗaya. Ƙugiyar ciki da ta wutsiya suka sarƙe da juna. Ya raba su, suka sake sarƙewa. Ya jima yana kallo, har na ɗauka zai ajiye ya yi mini godiya. Sai na ga girarsa ta haɗe.

“Wa ya yi wanga aiki?”

“Ni ce, Baba.”

“Da idonki biyu? Karfasa za ki kama ko kada? Kawo mini baho da ruwa!”

Rabon da in ji wannan muryar har na manta. Na ruga na ciko bahon wankin Inna. Ya sa ɗaya daga cikin waɗanda ban taɓa ba, ya kwanta a saman ruwa lafiya lau. Ya sa nawa, ya nutse tsulum har ƙasa. Daga nan karatu ya tashi. Wai ƙugiya in ta yi nauyi kifin roba ba ya rawa, kuma wanda ba ya rawa ko karfasar da ta kwana da yunwa ba ta kallonsa. Wai ta gaba da ta baya bai kamata su iya kaiwa ga juna ba. Wai faɗinta kada ya wuce faɗin cikin kifin, kuma ƙarfenta ya zama siriri don bakin karfasa ba shi da girma. Ina tsugune ina cewa “to Baba,” ina satar kallon Inna, kafaɗunta sai rawa suke don dariya.

Maimakon ta bar shi haka, sai ta ce, “Ni dai na ga sun yi kyau, Alhaji. Babbar ƙugiya ai ita ka kama babban kifi.”

Baba ya juyo ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ya ce, “Ɗauko mini hulata. Ke kuma wuce mu tahi, ki nuna mini wanda ya saida miki.”

Mutumin da in ba masallaci ba ba ya fita, ga shi a gaba ina binsa da sauri har Petit Marché. Ashe mai shagon tsohon saninsa ne. Yana hango shi ya miƙe yana murna, ya gaishe shi da Zabarmanci. “Fofo, Alhaji! Kwana biyu! Ashe ɗiyarka ce? Wallahi na hana ta.” Sannan ya leƙa bayanmu ya ce, “Ina abokin gardamarka?”

 Na ce shi ke nan, duk wahalarmu ta tashi a banza. Baba ya dafa teburin. Can ya ce, “Ya riga mu gidan gaskiya.” Tun rasuwar ban taɓa jin ya faɗe ta da bakinsa ba. Mai shago ya yi salati, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, “Nan yake tsayawa, kai nan. Shi kullum farare masu ƙyalli, kai kullum baƙaƙe. Har masu ciniki su taru suna kallo.”

Baba ya share ido da gefen riga ya ce, “Bai taɓa ganewa ba. Ƙyalli korar kifi yake in ruwa ya kwanta. Fito mini da ƙanana.”

Ranar na ga yadda ake zaɓen ƙugiya. Ya baje su a tafin hannu, ya riƙa ɗora kowace a jikin kifin robar yana auna faɗinta. Ya ja bakinta a kan farcensa, wadda ta zame ya ture, wadda ta kama ya ware gefe. Ya matsa da yatsa ya ji ko za ta buɗe. Ni da na zaci ƙarfe ƙarfe ne, na tsaya har ƙafata ta gaji. Ya zaɓi baƙaƙensa, mun juya za mu tafi, sai ya tsaya. Bai dubi kowa ba ya ce, “Zuba mini fararen ma kaɗan.”

A gida ya saka su da ɗan awartakinsa, ya gwada a baho, suka kwanta daidai. Amma ya ce baho ba ya nuna rawa, sai ruwa mai gudu. Kuma tunda ni na yi ɓarnar, ni zan ɗauki kaya. Haka Asabar da sassafe na tsinci kaina a Saga, muna ratsa gonakin shinkafa kore shar, ni da ko ƙarnin kifi ba na so.

Ya ɗaura wa kansa mai baƙar ƙugiya, ya ba ni mai fara. Jifana na farko a ciyawa ya sauka, na biyu ya kusa tafiya da hularsa. Na sha faɗa har na ƙoshi, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Rana ta ɗaga, shi bai kama komai ba. Ina jan zarena ina tunanin karin kumallo sai na ji an fizge. Na ƙwalla ihu, saura kaɗan in jefar da sandar. Baba ya taho da gudu, riga a tattare, yana cewa, “Kar ki saki! Ja a hankali! A hankali na ce!”

Karfasa ce, ba ta fi tafin hannuna ba. Ya ɗaga ta, ya dubi farar ƙugiyar da ke bakinta. Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har ya zauna a ƙasa, hawaye na zuba. Ya ce, “Kin ga mutumen nan ko? Yana kabari ma bai bar gardama ba.” Ya yi masa addu'a mai tsawo. A hanyar dawowa kuwa labarinsa ya yi ta ba ni, yadda suka haɗu, ranar da ya faɗa ruwa da tabarau, duk abin da ya riƙe a ciki tun rasuwar.

Da rana Inna ta soya kifin nan guda ta sa masa a kan shinkafa. Ya cinye, ya nemi ƙari, sannan ya ce gishiri ya yi yawa. Inna ta juya baya tana cewa alhamdulillahi.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Mu duk lallaɓa shi muke, muna yi masa komai daidai don kada ransa ya ɓaci, ashe nuna masa muke gidan zai tafi daidai ko ba shi. Inna ce kaɗai ta gane yana bukatar ya ga inda ba a iya ba sai da shi. Yanzu ya tsufa sosai, mijina ke kai shi Saga, kuma shi ma yana shan nasa rabon. Kwanaki na je gida na tarar ya tsare ƙanena a kan wata igiyar shanya da aka ɗaura a karkace. Ya gama ya zauna yana haki, ya ce, “Ku dai ba ku iya komi ba. In na mutu ban san yadda za ku yi ba.”

Inna ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “To sai ka zauna, Alhaji.”